Abin da fenti ke ɓoyewa: yadda ake farfaɗo da bodin Dodge Charger ta 1969

Gwanin tsofaffin motoci a Amurka, idan ya je duba Dodge Charger ta 1969 da aka sa a kasuwa, ba bonet yake fara buɗewa ba. Abu uku ne a hannunsa: ɗan maganaɗisu, sukudireba da tocila. Zai naɗe maganaɗisun a ƙyalle don kada ya karce fenti, ya bi gefen motar da shi sannu a hankali, daga bayan ƙofa har saman tayar baya. Inda akwai ƙarfe zai ji ya kama. Inda ya sulale ya faɗo, to wurin ba ƙarfe ba ne, fila ce, wato ƙullun cike lotsawa, aka cusa aka goge aka bi da fenti. Daga nan sai ya kwanta ƙasa ya haska ƙarƙashin motar, yana caka sukudireba a duk inda ya ga ɓawo ya tashi. Sau da yawa bakin sukudireban zai shige kamar an soka shi a busasshiyar gurasa. Sai ya gama wannan duka sannan ya tambayi lafiyar inji, domin ya san inji ko ya mutu murus ana iya sauke shi a sake gina shi a kan tebur. Bodi kuwa shi ne motar, kuma shi ke cinye mafi yawan kuɗi da lokacin mai gyara.

Charger na cikin dangin motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji: a ɗauki mota mai matsakaicin girma, mai ƙofa biyu, a dasa mata ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar da ita a farashin da saurayi mai aikin masana'anta zai iya biya. Galibi ana ƙirga farkon zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, kuma zamanin bai yi tsawon rai ba. Kuɗin inshora ya hau, dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa wa kamfanoni, takunkumin man fetur na 1973 ya ƙarasa abin da ya rage. Ƙirar Charger da ake rububinta ita ce ta 1968 zuwa 1970. Tsawonta ya haura mita biyar, gefenta ya tsuke a tsakiya ya buɗe a kan tayoyin baya kamar kwalbar lemo, fitilun gaba kuma a ɓoye suke sai an kunna su bayyana. Samfurin R/T yana zuwa da inji 440, wato lita 7.2, mai ƙarfin doki 375. Wanda ya ƙara kuɗi kuma a sa masa 426 Hemi mai doki 425. A 1968 kaɗai an ƙera kusan 96,000, amma masu Hemi ba su kai 500 ba. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Babu wanda ya ƙera waɗannan motoci da niyyar su kai shekara hamsin. Sabuwar Charger a lokacin dala 3,000 da ɗoriya ce, kuma lissafin kamfani shi ne mai ita zai canza ta bayan 'yan shekaru. Ƙarfen jikinta bai wuce kaurin milimita ɗaya ko ɗaya da ɗigo biyu ba, kuma ba a shafe shi da tutiya ba kamar yadda ake yi wa motocin yanzu. Lungunan da ba a gani, irin su cikin dokin ƙofa da bayan kwiɓin baya, kariyarsu kaɗan ce ƙwarai. Sai kuma ga gishiri. A jihohin arewa irin su Michigan, Ohio da New York, da hunturu ya shigo ana barbaɗa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara. Tayoyi su watso wannan ruwan gishiri cikin kowane haɗi na ƙarfe, ya kwanta tare da laka har bazara. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da iska da danshi. Gishiri kuma yana ninka saurinta. Shi ya sa Charger da ta yi rayuwarta a Arizona ko kudancin Kalifoniya, ko da fentinta ya ƙone da rana kujerunta sun tsattsage, ta fi mai sheƙi ta Detroit daraja a idon masana. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin tokumbo da ta fito daga Kanada, ya kwatanta da ƙasan tsohuwar Peugeot 504 da ba ta taɓa barin Kano ko Maraɗi ba, ya riga ya san wannan darasi.

Ita Charger tana da nata raunin na musamman, kuma daga kyawunta ya samo asali. Gilashin bayanta a nutse yake tsakanin ginshiƙan rufi biyu da suka zarce shi suka gangaro zuwa but. Abin kallo ne, amma kwarmin da gilashin ke zaune a ciki yana tara ruwa. Da yawansu kuma an manna musu ledar ado a rufi tun daga masana'anta, ledar ta tsufa ta tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya rasa mafita. Kusurwoyin gilashin su huje, ruwa ya riƙa ɗiga cikin but, tabarmar roba ta riƙe shi, daɓen but ya ruɓe, daga nan ya gangara ƙasan kwiɓin baya da dogayen ƙarafan da sifirin baya ke riƙe da su. A gaba ma haka: akwatin iskar da ke gindin gilashin gaba yana tara ganye, magudanarsa ta toshe, ruwa ya bi ta ƙarƙashin dashbod ya jiƙa kafet, auduga mai kauri da ke ƙarƙashin kafet ta sha ta riƙe shekara da shekaru. Ramin da ka gani a waje, ko bai wuce girman kwabo ba, ƙarshen labari ne. Tsatsar daga ciki ta taso.

A nan ne ake buƙatar fahimtar yadda aka gina motar. Chevrolet Chevelle da Pontiac GTO na wancan zamani suna da shasi daban, bodi daban: ka kwance ƙusoshi ka ɗaga bodin ka ajiye gefe, shasin na nan tsaye da tayoyinsa. Chrysler, uwar kamfanin Dodge, tun 1960 ta koma ƙirar da bodi da shasi suke dunƙule wuri ɗaya. Daɓen da kake taka ƙafa, dokin ƙofa, rufi, kwiɓin baya, kowanne yana ɗauke da nasa kason na nauyi. Sandunan ƙarfe masu murɗewa da ke aikin sifirin a tayoyin gaba ma, gindinsu a wani gicciyayyen ƙarfe yake a ƙarƙashin daɓen, daidai inda ruwan kafet ke sauka. Ma'ana, tsatsar daɓe a Charger ba matsalar kwalliya ba ce, ƙashin bayan motar ne ke ruɓewa. Wanda ya ɗauki injin yanka ya fara fige ruɓaɓɓen daɓe ba tare da shiri ba, zai wayi gari ya tarar motar ta lotsa a tsakiya, ƙofofi sun ƙi rufuwa, kuma duk abin da ya walda daga baya a karkace zai zauna. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa, kuma ya kashe motoci da yawa.

Aikin gaskiya yana farawa da kwance komai: inji, giya, gilasai, kujeru, wayoyi, kowane ƙusa a jakarsa da rubutu, ana ɗaukar hoto mataki-mataki, domin motar da aka kwance yau wataƙila sai bayan shekara uku za a haɗa ta. Sai kuma a tuɓe fenti a kai ga tsurar ƙarfe. Wasu suna fesa ɓarɓashi da matsattsiyar iska, na gilashi ko na ɓawon gyaɗar turawa ko na roba. Yana da sauri kuma yana shiga lungu, amma a kan faffaɗan wuri kamar rufi ko bonet, ƙarfin bugun yana miƙa fatar ƙarfen ta lanƙwashe, sai ka ga rufin da ya zo lafiya ya koma kamar tsohon faranti. Saboda haka masu hankali da hannu suke tuɓe waɗannan wurare. Zallar yashi kuwa an daɗe da gane ƙurarsa na daskarar da huhu. Wasu kuma suna tsoma bodin dungurungum cikin tafkin sinadari ya cinye fenti da tsatsa ciki da waje. Shi ma yana da nasa: idan ba a wanke sosai ba, sinadarin ya maƙale a tsakanin haɗe-haɗe, bayan shekara ya tsattsafo ya ɗaga sabon fenti.

Ranar da bodi ya dawo daga tuɓewa, ranar jarrabawa ce ga mai mota. Abin da ya saya a matsayin mota mai ɗan tsatsa kaɗan sai ya ga haske na ratsa ta kamar rariya. A nan asirin duk masu gyaran baya yake tonuwa: fila mai kaurin yatsa, ragar waya da aka cusa a rami, guntun kwano da aka ɗaure da rebit, jerin ƙananan ramuka inda wani ya huda ya ja lotsawa da ƙugiya bai toshe ba. Ba na ganin laifin mutanen can sosai. A shekarun 1970 da 1980 wannan motar tsohuwar gwanjo ce mai shan mai, ba wanda zai kashe mata fiye da kuɗinta. Amma yanzu mai gyara shi zai biya bashin kowannensu. Kuma ba shi da lokacin jimami, domin tsurar ƙarfe a iska mai danshi cikin 'yan sa'o'i take fara ja. Dole a wanke a fesa firamar efoksi nan take, wadda ke rufe ƙarfen ruf ba ta barin danshi ya ratsa.

Kafin a yanki komai, sai a ɗora bodin a kan tebur na ƙarfe da aka daidaita da ma'aunin ruwa, a ɗaure shi a wuraren da littafin gyara na kamfani ya ba da awonsu. A walda bututun ƙarfe a gicciye a bakin kowace ƙofa, da daga hagu zuwa dama, motar ta koma kamar keji. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa a rubuta. Sannan a bi ƙa'ida ɗaya: daga ciki zuwa waje, kuma ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙarafan ƙarƙashi tukuna, sai dokin ƙofa, sai daɓe, sai rumfar taya, fatar waje a ƙarshe. Idan an cire na hagu, na dama yana nan a matsayin abin koyi. Masana'anta da ɗigon walda ta haɗa bodin, dubbai, kowanne kamar ƙwayar wake. Ba a fizge su. Ɗaya bayan ɗaya ake huda su da wani ɗan bakin diril da ke yanke ƙarfen sama ya bar na ƙasa. Idan an kawo sabon ɓangare, a huda shi a wuraren nan, a matse, a cike kowane rami da walda. Aiki ne na kwanaki, mai gajiyar da wuya da kafaɗa, kuma da an shimfiɗa kafet ba mai sake ganinsa.

Bari mu tsaya kan faci ɗaya mu gani da kyau, domin a nan ake gane gwani. A ce ƙasan kwiɓi, bayan tayar baya, ya ruɓe kamar faɗin tafin hannu biyu. Mai gyara ba zai yanke iya ramin ba; zai ci gaba da faɗaɗa shi har sai bakin yankan ya nuna ƙarfe fari mai cikakken kauri. Kusurwoyin ramin zai zagaye su, domin kusurwa mai tsini tana tara zafi. Ya kwafi siffar a kwali, ya yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar, ya lanƙwasa shi a kan gwiwa ko kututture ko buhun yashi har ya bi gantsarewar jikin. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora facin a kan tsohon ƙarfe a walda gefensa. Amma wannan yana barin aljihu tsakanin ƙarafa biyu, inda danshi zai sake zama, kuma idan motar ta sha rana layin haɗin yakan bayyana ta cikin fenti. Gwani baki da baki yake haɗa su, da 'yar tazara kamar kaurin wayar waldar, milimita 0.6 a injin waldar lantarki da ake kira MIG.

Sai batun zafi. Walda tana narkar da ƙarfe, idan ya huce kuma ya tsuke, ya jawo na kewaye da shi. Wanda ya ja dogon layi a tafi ɗaya a kan ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, kafin ya ɗaga gilashin fuska gefen motar ya yi tudu da kwari. Don haka ɗigo ɗaya ake yi a nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a jira ya huce har ka iya ɗora hannu, a dawo. Kowane ɗigo a rage masa tudu, a sa ƙaramar maƙera ta hannu a bayansa, a ɗan buga da guduma don a mayar masa da abin da ya tsuke. Ƙarar ma tana faɗa maka: idan guduma ta sauka daidai kan maƙerar za ka ji ta yi ƙara mai kaifi, wato ƙarfen na miƙewa, idan ka wuce gona da iri kuma wurin zai riƙa ɓotsowa yana komawa kamar gindin gwangwani, sai an sake ɗumama shi an tsuke. Haka za a yi ta yi har ɗigogin su haɗe su zama layi. Facin da bai kai tsawon kamu biyu ba yana iya cin yini. Idan an gama an goge, ka shafa tafin hannu ido rufe, bai kamata ka ji inda tsoho ya ƙare sabo ya fara ba. Waldar gas, irin wadda masu gyaran bodi ke yi a garejojinmu, ba ta kasa a wannan aiki. Haɗinta ya ma fi na MIG laushi a ƙarƙashin guduma, tsofaffin maƙeran motoci da ita suka yi suna. Zafinta ne ke yaɗuwa, sai mai haƙuri.

Idan ɓarnar ta wuce faci, sai a sauya kwiɓin gaba ɗaya, kuma a Charger wannan ƙarfe ne mai tsawon kimanin mita biyu, wanda duk kyan motar a kansa yake. Daga ina za a samo? Mafi daraja shi ne tsohon kayan kamfani da aka buga tun wancan zamani ba a taɓa amfani da shi ba, amma ya yi ƙaranci, farashinsa kuma sai mai hali. Akwai na wata motar da aka yanko daga jihohin hamada. Sai kuma sababbin bugu, waɗanda kamfanoni irin su Auto Metal Direct ke sayarwa, da yawansu a Taiwan ake buga su. Zuwansu ya ceci motocin da a da sai dai bola. Sai dai kada a ɗauka da an kawo sai ɗorawa. Su kansu motocin asali ba su fito daidai wa daida ba, balle bayan shekara hamsin na ramuka da karo. Sai an ɗora an sauke sau da yawa, an tsaga nan an ƙara can. Kuma ana yin haka ne ƙofa tana rataye a wurinta, murfin but yana kai, an gwada gilashin baya da adon ƙarfensa. Wanda ya bari sai bayan fenti ya gwada gilashi, ranar zai yi kuka.

Yanzu mu koma kan waɗancan masu Hemi da ba su kai 500 ba. A jikin kowace Charger akwai shaidar asalinta. Lambar da ke kan dashbod, idan ta fara da XP29 motar gama-gari ce, idan XS29 ce R/T ce. Harafi na biyar a 1969, L na nufin 440, J na nufin Hemi. A ɗakin inji, gefen direba, akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da lambobin launi da kayan da aka sa mata. An kuma buga wani sashe na lambar a jikin ƙarfen da ke riƙe lagireto da kuma bakin but. Mai sa'a ma yakan tsinci takardar bayanin motar ta layin haɗawa a masana'anta maƙale a wayoyin kujerar baya. Harafi ɗaya a nan yana iya ninka farashi sau da yawa. A 2014 an sayar da 'yar'uwarta Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle. Inda kuɗi ya kai haka, jaraba ba ta nisa: a samo lafiyayyen bodin motar gama-gari, a cire lambobin ruɓaɓɓiyar Hemi a dasa masa. Dokar tarayyar Amurka ta haramta cirewa ko sauya lambar shaidar mota, duk da ta bar ƙofa ga wanda gyara ya tilasta masa.

Amma tambayar ta fi doka zurfi, kuma masu wannan sana'a ba su gama muhawara a kanta ba. An sauya daɓe, an sauya kwiɓi biyu, da but, da fatar rufi, da ƙarafan ƙarƙashi. A wane mataki ne motar ta daina zama ita? Yau har cikakken sabon bodi na Camaro da Mustang kamfanin Dynacorn yana sayarwa da lasisin masu su. Ni a ganina, ba yawan sabon ƙarfe ne matsala ba, ɓoyewa ce. Mai gyaran da nake girmamawa shi ne wanda zai ɓata mako yana faci a kewayen tsohon bakin but don lambar ta zauna inda ma'aikacin masana'anta ya buga ta, alhali sauya shi dungurungum yini ɗaya ne. Kuma ya ɗauki hoton kowane mataki ya miƙa wa mai saye na gaba.

Inda rufi ya haɗu da kwiɓin baya, masana'anta da darma ta cike haɗin, kuma masu son asali har yau haka suke yi. Sanda ce ta darma kashi 70, kuza kashi 30. Sirrinta shi ne tsakanin kimanin digiri 185 da 255 a ma'aunin Celsius ba ta daskare ba kuma ba ta zama ruwa ba, tana nan kamar man shanu. Ana goge ƙarfen tas, a shafa masa haɗin kuza da asid, a ɗumama a share da ƙyalle har ya yi fari kamar sabon cokali, a wanke ragowar asid ɗin don kada ya ci fenti daga baya. Sannan wuta a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, ana murɗa ta tana barin guntaye a jikin mota. Sai a ɗauko ɗan katako mai santsi da aka tsoma a kitse, a riƙa shafe darmar da shi ana kai wuta ana janyewa. Daƙiƙa biyu na ƙarin zafi, duk ta zube ƙasa. Idan ta huce, da zarto ake sassaƙe ta, ba da injin gurza ba, domin ƙurar darma guba ce mai taruwa a jini.

Fila kuwa, wadda Amurkawa suka fi sani da sunan Bondo, an ɓata mata suna fiye da laifinta. Kusan duk motar da ka gani tana ɗaukar ido a baje koli akwai ta a jiki. Bambancin a kauri yake da kuma abin da ke ƙarƙashi. Aikinta ta cike 'yan ƙananan kwari da guduma ta bari, milimita biyu ko uku, a kan ƙarfe lafiyayye. Ba ta toshe rami, domin tana shan danshi ta baya, tsatsa ta ci gaba a ƙarƙashinta har wata rana ta kumbura ta faɗo da fentin.

Daga nan sai gogewa, wadda ita ce mafi tsawo kuma mafi rashin daɗin labari. Tun kafin ta, an daidaita tazarar ƙofofi, kimanin milimita biyar: ƙofa da kwiɓin baya ake fara daidaitawa tunda shi a walde yake, sannan madigadin gaba ya bi ƙofa, bonet ya bi madigadi. A fesa firama mai kauri, a yayyafa mata baƙin hoda sama-sama, a manna samfefa a dogon katako a riƙa turawa a gicciye. Inda baƙin ya rage, kwari ne. Inda ƙarfe ya leƙo, tudu ne. A gyara, a sake fesawa, a sake gogewa, daga samfefa mai lamba 80 zuwa 180 zuwa 320 har 600. Dogon gefen Charger ba ya yafe kuskure, musamman idan baƙi za a yi mata, domin haske yana bin layin daga fitila zuwa fitila ya nuna duk inda hannu ya yi kasala. Awoyi ɗaruruwa ke tafiya a nan. Feshin launin kansa yini ɗaya ne ko biyu.

Ko a launin akwai zaɓi. Allon ɗakin inji zai faɗa maka da wanne ta fito, misali EV2 shi ne ruwan lemon nan da ake kira Hemi Orange. Fentin asali shimfiɗa ɗaya ne da aka gasa a murhu, kuma bai cika santsi ba: yana da ɗan gurje-gurje kamar ɓawon lemo, feshi ya fantsama ƙarƙashin mota, wani wurin ma ya ɗan zubo. Na yau launi ne a ƙasa, kiliya, wato shimfiɗa mai sheƙi marar launi, a sama, a goge da samfefa mai laushi da ruwa har ya zama madubi. Mai son a kalla zai zaɓi madubi. Mai shiga gasar da ake auna asali kuwa, da gangan zai kwaikwayi fantsamar feshin da alamun alli da ma'aikata suka bari, domin alƙalai suna rage maki idan mota ta fi yadda ta fito daga masana'anta kyau. Abu ɗaya da ba zaɓi a cikinsa shi ne kariyar numfashi. Sinadarin da ke busar da fentin zamani yana lalata huhu, kuma tsumma a hanci ba ya tare shi. Duk lokacin da na ga yaro yana feshi a gareji cikin hazon fenti da fuska a buɗe, raina yana ɓaci, domin cutar ba ranar take nunawa ba.

Bayan fenti ya bushe, kafin a shimfiɗa kafet ko a mayar da kujeru, akwai sauran aiki guda. Ana zura siririn tiyo ta ramukan dokin ƙofa, da cikin ƙarafan ƙarƙashi, da bayan kwiɓi, a fesa narkakkiyar kakin zuma mai mai har sai ta fara ɗiga ta haɗe-haɗe, domin bayan kowace walda akwai ƙonannen ƙarfe da bindigar fenti ba ta kai gare shi ba. A bi magudanan ƙasan ƙofofi da waya a tabbatar kakin bai toshe su ba. Sannan a sa gilasai, mutum ɗaya ya shiga cikin but da tocila a rufe shi, wani ya tsaya a waje da tiyon ruwa yana kwarara a kan gilashin baya, yana bin kusurwoyin nan biyu na ƙasa. Idan na ciki ya ƙwanƙwasa, sai a sake ciro gilashin.